Gargaɗi 18 da Ba Su Hana Komai Ba: Fashin Baƙi Kan Kula da Haɗari a Aikin Manhaja

A ranar 1 ga Oktoba, 2013, gwamnatin Amurka ta buɗe shafin HealthCare.gov, wanda aka gina domin mazauna jihohi 36 su zaɓi inshorar lafiya su yi rajista, a ƙarƙashin dokar da Shugaba Barack Obama ya sanya wa hannu a watan Maris na 2010. Miliyoyin mutane suka yi cincirindo a kan shafin, amma mafi yawansu ko matakin buɗe asusu ba su wuce ba. Bayanan taron ma'aikata da wani kwamitin majalisar wakilai ya fitar daga baya sun nuna cewa mutum 6 kacal ne suka kammala rajista a ranar farko, kuma har watan farko ya ƙare, waɗanda suka samu shiga ta wannan shafi ba su kai 27,000 ba.

Shafin intanet ya tsaya cak ba baƙon abu ba ne. Abin da ya sa masu nazarin aikin manhaja suke yawan komawa ga wannan lamari shi ne, kusan duk abin da ya lalace a ranar an riga an hango shi, an rubuta shi, an kuma kai shi gaban manya. Ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiya ta ƙasar, a rahoton da ya fitar a Fabrairun 2016, ya ƙirga rubutattun gargaɗi 18 da hukumar CMS, mai kula da shirye-shiryen inshorar lafiya na gwamnatin tarayya, wadda aka damƙa wa aikin, ta karɓa tsakanin Yulin 2011 da Yulin 2013. Sani dai an yi shi. Abin da ya kamata a bincika shi ne dalilin da ya hana sanin yin amfani.

Idan masana suna maganar haɗari a aikin manhaja, suna nufin duk abin da bai auku ba tukuna, amma yana iya aukuwa ya ci kuɗi, ko ya ci lokaci, ko ya ɓata ingancin abin da ake ginawa. Muddin bai auku ba, mai aiki yana da zaɓi: yana iya sauya tsari ya kauce masa, yana iya kashe kuɗi ya rage yiwuwarsa, yana iya ɗora shi a wuyan wani ta hanyar kwangila, ko kuma ya amince da shi ya ware kuɗi da lokacin da zai tare shi idan ya zo. Da zarar ya auku kuwa, duk waɗannan ƙofofi sun rufe, sai gyara kawai, kuma gyaran da ake yi jama'a na kallo ya fi kowane gyara tsada.

Barry Boehm, injiniyan manhaja ɗan Amurka wanda ya daɗe a kamfanin TRW kafin ya koma koyarwa a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, yana cikin waɗanda suka fara tsara wannan fanni. A wata maƙala da ya wallafa a 1991, ya ba da lissafi mai sauƙi: nauyin haɗari shi ne yiwuwar aukuwarsa idan an ninka ta da asarar da zai jawo. A ɗauka, a matsayin misali, cewa akwai yiwuwar kashi 30 cikin 100 kamfanin da zai haɗa manhajarka da banki ya makara, kuma makarar za ta jawo asarar naira miliyan 20. Nauyin wannan haɗari naira miliyan 6 ke nan. Idan naira miliyan 2 za ta isa a tanadi wani kamfani na biyu, har yiwuwar ta sauko zuwa kashi 10, to nauyin ya koma miliyan 2, an kashe miliyan 2 an rage miliyan 4, cinikin ya yi riba. Amfanin lissafin shi ne yana tilasta wa mutane su jera abubuwan da suke tsoro bisa nauyinsu, maimakon bisa wanda ya fi ɗaga murya a wurin taro.

A cikin maƙalar, Boehm ya jera haɗura 10 da ya ga sun fi addabar ayyukan manhaja. Na farko shi ne ƙarancin ƙwararrun ma'aikata, na biyu wa'adi da kasafin kuɗin da ba su yi daidai da gaskiyar aikin ba. Daga nan sai gina abin da ba shi ake buƙata ba, da sauye-sauyen buƙatu da ba su da ranar ƙarewa, da gazawar sassan da wasu kamfanoni ke kawowa daga waje. Duk wanda ya karanta jerin zai lura cewa abin da ya shafi ƙarfin na'ura da iyakar fasaha can ƙasa yake, mutane da shirinsu ne suka mamaye sama.

Sai dai lissafin yana da rauni, domin yana sa a riƙa tunanin matsakaicin abin da zai faru, alhali ayyukan manhaja ba a matsakaici suke halaka ba. A 2011, Bent Flyvbjerg da Alexander Budzier na Jami'ar Oxford sun yi nazarin ayyukan fasahar sadarwa 1,471, suka gano cewa a matsakaici kuɗin da ake kashewa yakan zarce kasafi da kashi 27 cikin 100, abin da mafi yawan hukumomi za su iya haɗiyewa. Amma a kowane ayyuka 6, akwai 1 da kuɗinsa ke zarce kasafi da kashi 200 cikin 100, lokacinsa kuma ya ƙaru da kusan kashi 70. Wanda ya yi tanadin kashi 27 kawai, ya kwanta da tunanin ya gama, bai shirya wa wannan na shidan ba, kuma shi ne mai rusa kamfani ko zubar da mutuncin gwamnati.

HealthCare.gov ya tara alamomin irin wannan aiki tun daga tushe. Ranar buɗewa an kafe ta, kuma a siyasance babu mai iya motsa ta, domin jam'iyyar Republican mai adawa tana neman kowace kafa da za ta nuna dokar ba za ta yi aiki ba. Girman aikin kuwa bai tsaya wuri ɗaya ba. Masu tsara dokar sun zaci yawancin jihohi za su gina nasu shafukan, gwamnatin tarayya ta cike giɓin 'yan kaɗan. Jihohi da dama suka ja ƙafa suna jiran hukuncin Kotun Ƙoli kan halaccin dokar, wanda ya zo a Yunin 2012, sannan suna jiran zaɓen Nuwamban wannan shekara. A ƙarshe jihohi 14 ne kawai, tare da gundumar babban birnin ƙasar, suka buɗe nasu, sauran 36 suka faɗo wuyan shafin tarayya. Wasu muhimman ƙa'idojin da manhajar za ta bi ma ba a fitar da su ba sai bayan zaɓen, kuma mai rubuta manhaja ba zai iya rubuta lissafin wanda ya cancanci tallafin gwamnati wajen biyan inshora ba alhali ƙa'idar cancantar ba ta kammala ba.

Ga kuma yadda shafin yake a ciki. Abin da mai rajista ke gani fom ne kawai, amma a bayan fom ɗin dole shafin ya tuntuɓi hukumar haraji don tantance kuɗin shigar mutum, da hukumar fansho da tallafin jama'a (Social Security), da ma'aikatar tsaron cikin gida don tantance matsayinsa na zama a ƙasar, sannan ya aika bayanansa ga kamfanin inshorar da ya zaɓa. Kamfanin CGI Federal ne ya samu kwangilar gina babban ɓangaren a Satumban 2011, kamfanin QSSI ya gina cibiyar musayar bayanai da sashen tantance masu buɗe asusu, wasu gomman kamfanoni kuma suka riƙe sauran sassa. Wani rahoton babban mai binciken, na Agustan 2014, ya ƙirga kwangiloli 60 da aka bai wa kamfanoni 33.

A nan ne babban haɗarin yake, a ganina. A aiki mai yawan hannaye irin wannan, akan naɗa kamfani ɗaya ya zama mai haɗa sassa, wanda zai tabbatar abin da wannan ya gina ya shiga cikin abin da wancan ya gina, kuma shi za a kama idan abin bai tashi ba. CMS ba ta naɗa kowa ba, ta riƙe wannan matsayi da kanta, duk da cewa ba ta da isassun injiniyoyin da suka taɓa yin irinsa. Kamar mai gida ne ya ɗauki magini da mai aikin famfo da mai wayarin da kafinta, kowa da nasa jinga, ba tare da wanda ke riƙe da zanen ginin gaba ɗaya ba: kowannensu zai iya rantsuwa ya yi abin da aka sa shi, amma bututun ruwa ya fito a inda aka yi ramin lantarki. Haka kuwa aka yi. Da wakilan kamfanonin suka bayyana gaban kwamitin majalisar wakilai a ranar 24 ga Oktoba, 2013, kowanne ya ce nasa ɓangaren ya ci gwajin da aka yi masa, kuma gwajin haɗin gaba ɗaya alhakin CMS ne.

A wannan zama ne aka ji cewa gwajin haɗin, wato bin mai rajista daga buɗe asusu har zuwa isar bayanansa ga kamfanin inshora, an fara shi ne makonni 2 kacal kafin ranar buɗewa, alhali su kansu 'yan kwangilar sun ce watanni ya kamata a yi ana yinsa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin da aka yi a makon ƙarshe ba ya rage haɗari ko kaɗan, domin ko ya nuna ɓaraka, babu sauran lokacin ɗinke ta. Iyakar abin da yake yi shi ne sanar da ma'aikata abin da jama'a za su gani nan da kwana kaɗan. Gwajin ɗaukar nauyi da aka yi a ƙarshen Satumba ya nuna shafin yana fara rarrafe tun masu amfani da shi a lokaci guda ba su kai 'yan dubbai ba, duk da haka aka buɗe.

Akwai wata shawara guda da ta cancanci a dube ta da kyau, domin tana nuna yadda gudun haɗari ɗaya kan haifi wanda ya fi shi. Da farko an tsara cewa mutum zai iya shiga ya duba nau'o'in inshora da farashinsu ba tare da ya buɗe asusu ba. A cikin Satumba, da aka ga wannan sashe bai ci gwaji ba, sai aka kashe shi. A fuska ɗaya shawarar daidai ce: abin da ba ya aiki, a cire shi. Amma sakamakonta shi ne duk wanda ya zo leƙe kawai, da ɗan jarida, da mai son ganin farashi, dole ya bi ta ƙofar buɗe asusu tare da masu niyyar saye. Babban jami'in fasaha na gwamnatin, Todd Park, ya ce an yi tsammanin mutum 50,000 zuwa 60,000 a lokaci guda, sai aka samu kimanin 250,000. Duka suka dunƙule a ƙofa ɗaya ƙarama, ƙofar ta toshe. Babu alamar an zauna an tambayi abin da kashe wancan sashe zai jawo wa sashen asusu, domin sassan biyu suna hannun kamfanoni daban-daban, kuma babu wanda aikinsa shi ne duba su a haɗe.

Gargaɗin da ya fi kowanne fitowa fili shi ne na kamfanin McKinsey, wanda gwamnati da kanta ta ɗauka ya duba aikin. A ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2013, wato saura wata 6, kamfanin ya gabatar wa manyan jami'ai, ciki har da sakatariyar lafiya Kathleen Sebelius da shugabar CMS Marilyn Tavenner, abin da ya gani: buƙatu suna ta sauyawa, lokacin gwajin haɗi bai isa ba, babu shugaba ɗaya mai ikon yanke hukunci, kuma ana shirin buɗe komai ga kowa a rana ɗaya. Da wuya a rubuta bayanin abin da ya faru a Oktoba da ya fi wannan daidai. Amma Henry Chao, mataimakin babban jami'in fasaha na CMS, wanda shi ne ke tsaye a kan aikin yau da gobe, ya shaida wa majalisa a Nuwamba cewa ba a nuna masa rahoton ba. Gargaɗin ya hau sama wurin masu iko da ba su san cikin injin ba, bai sauko wurin waɗanda suka san injin amma ba su da ikon ɗage rana ba.

Wannan shi ne abin da littattafan horar da manajoji ba su cika jaddadawa ba. Suna koyar da yadda ake buɗe kundin haɗura, a rubuta kowanne da yiwuwarsa da nauyinsa, a shafa masa launin ja ko rawaya ko kore, a duba shi duk mako. Duk wannan yana da kyau, amma kundin ba ya yanke hukunci. A kowane aikin manhaja abubuwa uku ne ke jan juna: ranar kammalawa, da yawan abin da za a gina, da kuɗi da mutanen da za a zuba. Idan haɗari ya taso, sai an sassauta ɗaya daga cikinsu. Idan kuwa aka ƙi sassauta ko ɗaya, inganci ne zai biya, kuma yana biya ne a ɓoye, ta hanyar gwajin da aka taƙaita da kurakuran da aka ce a bari sai daga baya. Ƙara mutane a ƙurarren lokaci ma ba mafita ba ce, kamar yadda Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a kamfanin IBM, ya bayyana tun 1975: zuba sababbin ma'aikata a aikin da ya makara yana ƙara masa makara, domin tsofaffin ne za su bar aikinsu su koya musu. Tunda rana ba ta motsi, abin da ya rage wa CMS shi ne rage girman aikin da wuri, ko buɗe shi kaɗan-kaɗan, jiha bayan jiha. An yi ragin, har an ɗage sashen harshen Sifaniyanci da na ƙananan 'yan kasuwa, amma a kwanakin ƙarshe na Satumba, lokacin da ragin ba zai sayo wa kowa lokaci ba.

Mai karatu a Najeriya ba zai rasa tuna wani abu makamancin haka ba. A zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, sakamakon zaɓen shugaban ƙasa bai hau IReV, shafin duba sakamako na hukumar zaɓe, a kan lokaci ba, kuma INEC ta danganta matsalar da tangarɗar faɗaɗa shafin daga ɗaukar zaɓen jiha ɗaya zuwa ɗaukar na ƙasa baki ɗaya, mai rumfuna sama da 176,000. Muhawarar siyasar da ta biyo baya daban take, amma ta fuskar injiniya siffar haɗarin ɗaya ce: rana kafaffiya, da nauyin da ke sauka gaba ɗaya cikin 'yan sa'o'i, da tsarin da bai taɓa ɗaukar irinsa ba.

Yadda aka ceto HealthCare.gov shi ya fi tabbatar da inda cutar take. A ranar 22 ga Oktoba aka naɗa Jeffrey Zients, tsohon babban jami'i a ofishin kasafin kuɗi na fadar shugaban ƙasa, ya jagoranci gyaran, kuma cikin kwanaki aka mayar da QSSI babban ɗan kwangila mai haɗa sassa, wato matsayin da aka bari babu kowa tun farko. Aka kawo wasu 'yan tsirarun injiniyoyi daga kamfanoni masu zaman kansu, ciki har da Mikey Dickerson na Google. Abin da suka fara tararwa ya ba su mamaki: babu wani allo guda da ke nuna halin da shafin yake ciki, ko mutum nawa ke kai, ko daƙiƙa nawa shafi ke ɗauka kafin ya buɗe, ko wane sashe ne ke jan ƙafa. Sai da suka fara kafa wannan ma'auni kafin su taɓa komai. Daga nan aka riƙa taron tsaye sau biyu a rana a wata cibiya da ke Columbia a jihar Maryland, bisa wasu ƙa'idoji da Dickerson ya kafa: taron na warware matsala ne, ba na neman mai laifi ba, wanda ya fi sanin matsalar shi zai yi magana, ko da shi ne mafi ƙanƙantar muƙami, kuma abin da zai yi ɓarna cikin kwana ɗaya ko biyu shi za a fara dubawa.

Mafi yawan waɗanda suka yi gyaran su ne dai ma'aikatan kamfanonin da suka gina shafin, kuma ba a rushe manhajar an sake sabuwa ba. A ranar 1 ga Disamba gwamnati ta sanar cewa an gyara kurakurai sama da 400, lokacin buɗewar shafi ya sauko daga daƙiƙa 8 zuwa ƙasa da 1, kuma shafin na iya ɗaukar mutum 50,000 a lokaci guda. Mutanen nan da aka yi ta zargi da gazawa sun yi cikin makonni 6 abin da ya gagara cikin watanni, bayan an ba su shugaba ɗaya, da ma'aunin da kowa ke gani, da damar faɗin mummunan labari ba tare da fargaba ba. Ba komai ne ya gyaru a lokacin ba: bayanan da ake aika wa kamfanonin inshora sun daɗe suna zuwa da kurakurai, kuma Chao ya faɗa wa majalisa cewa kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na tsarin, musamman sashen biyan kamfanonin kuɗi, ba a ma gina shi ba tukuna. Duk da haka, zuwa Afrilun 2014 kimanin mutum miliyan 8 sun yi rajista ta shafin tarayya da na jihohi.

Batun kwangila ma yana da nasa kason. Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya nuna a Yulin 2014 cewa kuɗin da aka ware wa babban ɓangaren shafin ya tashi daga dala miliyan 56 zuwa sama da miliyan 209 tsakanin Satumban 2011 da Fabrairun 2014, na cibiyar musayar bayanai kuma daga miliyan 30 zuwa kusan miliyan 85. Kwangilolin irin waɗanda ake biyan kamfani duk abin da ya kashe ne, a ɗora masa riba a kai. Irin wannan kwangila tana da hujja idan mai aiki bai gama sanin abin da yake so ba, domin babu kamfanin da zai yarda da ƙayyadadden farashi a kan abin da ba a fayyace ba. Amma ma'anarta ita ce haɗarin tsadar yana wuyan gwamnati, don haka tana buƙatar sa ido mai tsanani, wanda GAO ta ce ba a yi ba. Masu cewa a ɗora haɗari a wuyan ɗan kwangila sukan manta cewa asarar kuɗi kawai ake iya miƙawa. Ko da an ci tarar kamfanin, wanda ya kwana yana ƙoƙarin yin rajista gwamnati zai zarga.

A Janairun 2014 aka maye gurbin CGI Federal da kamfanin Accenture, a Afrilu Sebelius ta yi murabus. A Agustan wannan shekara Fadar White House ta kafa wani sashen ƙwararrun fasaha mai suna United States Digital Service, Dickerson ya zama shugabansa na farko, aikin da aka ba sashen a lokacin kuwa shi ne shiga manyan ayyukan manhaja na gwamnati tun kafin su lalace. A watan ne kuma aka naɗa Kevin Counihan, wanda ya jagoranci shafin inshorar jihar Connecticut, a matsayin shugaba ɗaya tilo mai alhakin HealthCare.gov. Da zagaye na biyu na rajista ya zo a ranar 15 ga Nuwamba, 2014, an riga an buɗe sashen duba farashi kwanaki kafin ranar, ba tare da buƙatar asusu ba, kuma an taƙaita fom ɗin yawancin sababbin masu rajista daga shafi 76 zuwa 16.